Ni Na Kira Wanzami a Kan Ɗinkin Sanusi

Ni ne na yi kuskure. Ba likita ba ne, ba wanzami ba ne, ba kuma matar ƙanena ba ce, wadda ta sha zagi sati uku a kan abin da hannunta bai taɓa ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya kai tsakiya yana neman mai laifi. Sunana Audu, ina fataucin bandar kifi daga Lagdo zuwa Garwa, wani lokaci har Ngawundere. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko. Abin da zan rubuta jinyar ƙanena Sanusi ce, don duk wanda aka yi wa ɗan'uwansa aikin ƙaba aka sa masa raga ya san abin da ba a yi.

Sanusi shi ne mai kula da murhun banda. Shi ke ɗaga kwanduna, shi ke jawo itace. Ƙabar ta fito masa a gefen mara ta dama. In ya ɗauki kaya sai ta kumburo kamar ƙwan agwagwa, in ya kwanta ya danna sai ta koma ciki da ƙara kamar an tuntsurar da gora. Shekara biyu yana ɗaure wurin da tsumma yana aiki. Mu kuwa mun san ƙaba a gidanmu. Ita ta kashe mahaifinmu. Ta murɗe masa da hantsi a bakin ruwa, kafin motar da muka samu ta kai Garwa ya cika, kansa a cinyata. Don haka ranar da Sanusi ya yi awa biyu yana dannawa ba ta koma ba, ban jira shawarar kowa ba, na ce gobe sai asibiti.

Sau uku muka je kafin a sa mana rana. Ran farko layi ya ƙare a gabanmu. Ran na biyu aka rubuta mana gwajin jini. Ran na uku muka ga likita, wani mutumin kudu mai maganar Faransanci da sauri, Fillancinsa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Wanda ya fassara mana shi ne ma'aikacin da ke wankin ciwo, Piyer, mutumin duwatsu ne, Kirista, Hausarsa ta kasuwa amma tana fita tas. Ya ce za a yanka, a mayar da hanji, sannan a shimfiɗa wata 'yar raga a kan wurin da ya yage a ɗinke ta. Ya ɗauko ɗaya a cikin leda ya nuna mana. Fara ce, ba ta kai tafin hannuna ba.

Na ce, "Wannan ai nailan ne. A cikin mutum?"

Piyer ya yi dariya. "Alhaji, zaren da za mu ɗinke ta da shi riƙon ƙwarya ne kawai. A wasu manyan asibitoci gam suke sawa, wasu 'yan ƙusoshi, mu nan zare muke da shi. Amma mai riƙewa na gaske naman mutum ne. Ka ga waɗannan ƙofofin? Nama zai bi ta cikinsu kamar yadda kabewa ke bin danga, har su zama abu ɗaya. Sai dai yana son lokaci, kuma ba ya son a dame shi."

Zuciyata dai ba ta yarda ba. Ni na san abin da nailan ke yi wa nama. Na sha feɗe tarwaɗar da ta tsinke daga kalli, ragar masunta, ta tafi da zare a wuya. Za ka tarar zaren ya nutse, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Wannan hoton ne a kaina lokacin da na je farmasi na sayo ragar da hannuna, ina jin kamar guba na saya wa ɗan'uwana.

Aikin ya yi kyau, wannan sai godiya. Allura aka yi masa a gadon baya, yana ji yana gani aka gama. Kwana uku aka sallame shi. To a nan ne farkon ɓatana, domin ranar sallamar ba na nan. Mota ta zo ɗaukar kaya zuwa Ngawundere, na koma Lagdo in yi lodi, na bar matarsa Dije a wurinsa. Ita aka yi wa bayanin abin da za a gani da abin da za a kiyaye. Dije ta fi ni lakwal, tana jin Faransanci. Amma matar ƙanena ce. A gidanmu matar ƙane ba ta kallon fuskar wan miji, ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune. In tana da magana sai ta faɗa wa matata Balaraba, Balaraba ta kawo min. Shekara shida tana gidan, ban san muryarta sosai ba.

Satin farko lafiya lau. Yana takawa zuwa ƙofar gida, yana shan kunu, yana tsokanar masu zuwa dubiya cewa shi yanzu ya fi su tsada, akwai kayan Turawa a cikinsa. A sati na biyu, ranar Talata da safe, ya kira ni ɗaki ya ɗaga riga. A ƙarƙashin ɗinkin wuri ya tasa, daidai inda ƙabar take a da. Na taɓa, yana motsi kamar ruwa a salka. A gefensa kuma akwai wani tauri mai tsawo, kamar an binne igiya a ƙarƙashin fata.

"Yana ciwo?"

"Ba sosai ba, Yaya. Nauyi dai."

Ban ga Sanusi ba a lokacin, mahaifinmu na gani. Na ce a raina jikinsa ya ƙi ragar, ga shi ta fara ruɓar da shi.

Da rana Balaraba ta same ni ina jera kifi. Ta ce, "Dije ta ce in gaya maka, likita ya faɗa musu za a iya ganin haka. Wai ruwa ne jiki ke tarawa a kewayen ragar, har suna gare shi, serom. Wai zai shanye da kansa. Taurin kuma wai nama ne ke kamawa. Ta ce an ce kada a matsa, kada a huda, in ya yi ja ko zazzaɓi ya zo a koma."

Na ce, "Ita ce likitar yanzu? Aji shida ne ya sa ta san ƙaba? Ni na binne mai ƙaba."

"To ku koma asibitin mana su gani."

"Ranar da suka ba mu saura kwana goma. In na je yau ma layi zan bi in dawo. Kifi kuma yana kan wuta."

Gaskiyar ita ce wannan ta ƙarshe. Lokacin kamun kifi ne, ban so in bar murhu kwana guda.

Masu dubiya kuma kowa da nasa. Wani ya ce a gasa da tsumma mai zafi. Wani ya ce a shafa man kaɗanya da kanwa. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce uwa a gare mu yanzu, ta ce mugun jini ne ya kwanta, kuma tun kakanni maganin mugun jini ƙaho ne. Ita faɗa kawai ta yi ta wuce. Ni ne na riƙe maganar.

Ranar Alhamis akwai suna a unguwar masunta. Na ce wa Balaraba su tafi tare da Dije, ta kwana biyu ba ta fita ba, ni zan zauna da mara lafiya. Da gangan na yi. Suna fita na aika aka kira Tanko, wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana kaciya ni da Sanusi.

Ya shigo da zabirarsa yana cewa, "Ina mai warin hayaƙin? An ce ka sa wa ƙanenka koma a ciki, kifi nawa ta kama?" Da ya ga wurin sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Audu, wurin da likita ya ɗinka ba na sa aska."

"Ba a kan ɗinkin ba, a gefe. Tsaga uku kawai ka ja."

"Ka kai shi su duba."

"Baba Tanko, tsufa ne ya kawo tsoro? Ko in kira yaron wanzamin nan na bakin tasha?"

Na san inda zan taɓa shi, na kuma taɓa. Ya buɗe zabira. Sanusi ya dube ni ya ce, "Yaya, Dije ta ce an hana." Na ce, "Dije ce wanka ko ni?" Sai ya juya fuska bango.

Tanko ya yi tsaga uku, ya kafa ƙaho ya zuƙa. Da ya cire, sai ga ruwa rawaya-rawaya garwaye da jini, ya kusa rabin kofin shayi. Kumburin ya faɗa a gaban idona. Wallahi na ji daɗi a ranar, har na riƙe ƙahon ina cewa, ga shi nan, ga abin da suka ce a bari a cikin mutum. Tanko ya barbaɗa garin magani a kan tsagar, bai karɓi ko goro ba, ya tafi. Na ce wa Sanusi kada ya gaya wa kowa. Amma mace ba ta kasa ganin tsaga a jikin mijinta. Da suka dawo na ji kukanta daga ɗaki, ƙasa-ƙasa. Ba ta aiko Balaraba da komai ba.

Kwana uku ina yawo da ƙirji a buɗe. Ran na huɗu kumburin ya dawo, ya fi na da, kuma wannan karon da zafi, fatar ta yi ja tana sheƙi. Da la'asar sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, a cikin zafin Lagdo. Na sayo ƙwayoyi wurin mai tebur a kasuwa na ce zazzaɓin sauro ne. Na san ba shi ba ne. Amma in na kai shi asibiti za a ga tsagar, za a tambaya. Kwana biyu na ƙara a kan wannan tsoron, ɗan'uwana yana ƙonewa.

Ran na shida da hantsi ina zaune a zaure sai na ji mota ta tsaya a ƙofa. Dije ce ta je tasha da kanta ta yi shata. Ta fito daga cikin gida, Sanusi ya rataya a kafaɗarta, wandonsa ya jiƙe da mugunya, warin ya riga su isowa. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, ban san na tare hanya ba. Ta ɗago kai ta dube ni a ido, karo na farko tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, in ba za ka kama min shi ba, ka matsa in wuce."

Na kama shi. Muka kama hanyar Garwa. Kansa a cinyata yake, a kan hanyar nan dai, ina ƙirga ramukan titi ina roƙon Allah kada ya maimaita min.

Ba su sa mu layi ba da suka ga halinsa. Piyer ya buɗe wurin, ya ga tsaga uku a jere, ya ajiye almakashi. Ya juya kan Dije.

"Madam! Ba ke na yi wa bayani ba? Da Faransanci na faɗa, da Hausa na maimaita. Na ce kada a huda. Kika ce kin gane. Kin san abin da kika yi? Ruwan nan mai tsabta ne, a rufe yake. Kin buɗe wa ƙazanta ƙofa har kan ragar. Nama yana iya yaƙi da ƙwayar cuta, raga ba ta da jini, ba ta iya kare kanta. In cuta ta zauna a kanta ta samu gida."

Mutane cike da ɗakin suna ji. Dije ta sunkuyar da kai. Ba za ta nuna wan mijinta a gaban jama'a ba. Sanusi ba ya cikin hayyacinsa. Ni kaɗai ne mai bakin magana a wurin, ina tsaye riƙe da katin asibiti, kuma ban ce komai ba. Ƙahon kuskure ne na jahilci da tsoro. Wannan shirun kuwa na san abin da nake yi.

Suka buɗe ɗinkin a ranar suka wanke, suka bar shi a buɗe, aka sa masa ƙarin ruwa da allurai. Likita ya ce za su gwada ceton ragar, in ta ƙi sai a cire, kuma cirewa ta fi sawa wuya nesa ba kusa ba. Sati na uku da na huɗu haka suka wuce. Kullum da safe wankin ciwo, ana cusa auduga a ramin ana zarowa, Sanusi yana cizon hular kansa. Kullum sabuwar takardar magani, wani babu a farmasin asibiti sai ka hau moto, wato babur, ka zaga gari. Wata rana ruwan famfo ya ɗauke, wata rana mai wankin bai zo ba sai azahar. Na yi fushi da su sau da yawa, amma kuma na ga Piyer yana barin abincinsa ya zo ya juya Sanusi. Murhun da na ƙi bari kwana ɗaya ya yi wata a mace.

Dije ce ke kwana a tabarma a gindin gado, ita ke wanke tsummoki, ita ke zubar da fo. Matan da ke jinyar nasu suna nuna ta da baki, ga wadda ta kira wa mijinta wanzami. Goggo ta zo dubiya, labarin ya riske ta tun daga ƙofar ɗaki, ta manta ita ta fara ambaton ƙaho, ta ce, "'Yar lakwal ce fa, mun ɗauka ta fi mu wayo." Balaraba ta san gaskiya. Ta daina yi min magana sai ta dole. Sau ɗaya ta ce, "Kana cin abinci kuwa yana wucewa?" Da Sanusi ya farfaɗo ya fahimci abin da ake faɗa, ya so ya yi magana, Dije ta hana shi. Shi ya gaya min daga baya. Ta ce masa, "Ka warke tukuna. Yaya ne, in aka kunyata shi a nan wa zai riƙa zirga-zirgar magani?"

A sati na biyar zazzaɓin ya sauka amma ramin ya ƙi rufewa, mugunya na tsatsowa ta wata 'yar ƙofa. Likita ya kira mu ya ce raga za ta fita. Piyer ya fassara a hankali. Ya ce wani gefen nama ya riga ya kama, sai an yanko shi. Kuma a nan ne jijiyoyin da ke sauka zuwa ga mazantakar mutum suke bi, in aka yi rashin sa'a za a rasa ɓangare ɗaya. Ya ce wa zai sa hannu. Na sa hannu.

Aikin farko bai kai awa ɗaya ba. Wannan ya haura uku. Ina zaune a benci, Dije tana can ƙarshen baranda da Balaraba da Goggo. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe.

Bari in faɗi yadda ta ƙare, don mai neman darasi ya ɗauka. Sanusi ya rayu, ba a kuma rasa komai nasa ba, alhamdu lillahi. Amma ragar ta fita, ba a sa wata ba, wurin da ya yi mugunya ba a sa masa sabuwa. Da zare kawai aka haɗa naman, an kuma ce ƙabar tana iya dawowa. Wata biyu ramin yana cikowa daga ƙasa. Har yau cinyarsa ta ciki a mace take, wani lokaci kuma ta riƙa tsira kamar allura. Ba ya ɗaga kwando. Mutumin da aka yi wa aiki rana ɗaya da shi, wani mai shinkafa, na gan shi a kasuwa yana ɗora buhu a kan moto. Kumburin ruwan nan shi ma ya yi, ya ce min, ya bar shi, ya shanye. Saboda haka in kun ga kumburi mai laushi marar zafi, ko tauri kamar igiya a ƙarƙashin ɗinki, kada aska, kada allura, kada ƙaho. Ku bi layin ko na kwana biyu ne. Kuma wanda aka yi wa bayani a asibiti, ko wane ne shi a gidan, shi za a saurara.

Ranar aikin cire ragar, da aka gama, Piyer ya fito da wani ɗan kwanon ƙarfe. Ya ce an yi nasara, yana barci. Goggo ta fara hamdala. Sai ya wuce ni, ya nufi ƙarshen baranda, ya miƙa kwanon gaban Dije. Na bi shi. Ragar ce a ciki, ta dunƙule ta yi ruwan ƙasa, gefe ɗaya da tsokar Sanusi manne a jiki.

Ya ce, "Duba nan, Madam. Kin ga inda nama ya fara kamawa? Da an bar shi sati kaɗan da ya gama aikinsa. Ki duba da kyau, don gaba."

Ta miƙa hannu za ta karɓi kwanon. Na riga ta.

Na ce, "Piyer, ni za ka nuna wa."

Ya dube ni. Goggo ta ce, "Audu, mene ne haka?"

Na durƙusa a kan simintin, a gaban matar ƙanena, masu jinya suna kallo. Ta ja da baya tana rufe fuska da mayafi, tana cewa, "Yaya, tashi, don Allah tashi." Ban tashi ba. Ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba sai ranar.

Na ce, "Dije, kin aiko min da maganar likita daidai, na raina ta don daga bakinki ta fito. Ni na tura ki gidan suna don kada ki hana. Ni na kira Tanko, ya ƙi, na tilasta shi. Ni na ɓoye zazzaɓin kwana biyu. Aka zage ki a gabana na yi shiru, sati uku ina shiru kina wanke mugunyar da na jawo. Goggo, ki ji, Piyer, ka ji, ba ta da laifi ko na ƙwayar gero. Da ba ta je tasha ba da mun binne shi. Ba na cewa ki yafe yau. Amma na zalunce ki, na zalunci mijinki, ina roƙonki gafara."